Ɗana, Ka San Haƙƙin Tsaraba

 Tunda ƙafarka ta fara fita, yau kana Kaduna gobe kana Legas, lokaci ya yi da za mu zauna a kan maganar tsaraba. Kalma ce da yaro ke koya tun bai iya ɗaure wando ba. Da ya ji sallamar mahaifinsa a zaure zai kwasa da gudu yana "oyoyo Baba", idonsa a kan hannun da ke riƙe da ƙunshi. Amma sanin kalma daban, sanin haƙƙinta daban. Akwai gidajen da ƙullin alawa ya ƙara musu danƙon zumunci, akwai kuma 'yan uwan da suka shekara ba sa ga maciji da juna saboda turmin atamfa da aka ba wance aka tsallake wance. Abu ɗaya ne ya yi aikin nan biyu, bambancin yana wurin mai bayarwa da mai karɓa.

Bahaushe bai yi wa kyauta suna ɗaya ba, kowace da sunanta gwargwadon dalilinta. Abin da matafiyi ya ɗauka domin ya ci a hanya, guzuri ne. In ka ba shi kuɗinka ka ce ya sayo maka hula, sautu ka bayar, kuma in ya kawo ba ya jiran komai sai sannu da ɗawainiya. In wani ya ba shi kaya ya kai wa wani, saƙo ne, amana ce a wuyansa. Ɗan aiken da ya kawo maka kyauta, abin da ka sa masa a hannu tukwici ne. Na saurayi zuwa ga budurwa toshi, na babba zuwa ga yara ranar idi goron sallah, na ranar biki gudummawa. Ita tsaraba sai abu uku sun haɗu. Sai an yi tafiya, ko mutum ya dawo gida ko ya je wa dangi baƙunta. Sai abin ya fito daga aljihun matafiyin da ganin damarsa. Sannan sai wanda za a ba ya kasance bai je ba. Abokin tafiyarka ba ka yi masa tsaraba, don abin da ka gani shi ma ya gani.

Ka dubi sharaɗi na uku da kyau, a nan ma'anar take. Wanda ya tsaya a gida ba ya ganinka. Bai san ko da ka shiga kasuwar garin mutane, ka ga abin da ya burge ka, ya faɗo maka a rai ko bai faɗo ba. Abin da ka miƙa masa ranar da ka dawo shi ne shaidar cewa ya faɗo. Shi ya sa tsohuwa za ta karɓi goro biyu daga hannun jikanta ta yi ta sa albarka har muryarta ta yi rawa, alhali da goro a ƙullin zanenta. Abin da ta karɓa shi ne labarin cewa yaron nan, a can cikin hayaniyar tasha, ya tsaya ya tuna yana da kaka. Duk sauran abin da zan faɗa maka a kan wannan ya rataya: tsaraba shaidar tunawa ce, kuma duk lokacin da aka mayar da ita ma'aunin kuɗi, an kashe ta.

Tunda shaida ce, ya kamata ta yi kama da garin da ta fito. Magabatanmu sun san wannan. Fataken da ke tashi daga Kano da jakuna, ɗauke da kanwa da baƙaƙen tufafi da kayan fata, su yi watanni a hanya kafin su isa kasuwar Salaga a ƙasar Gonja, abin da suke komowa da shi goro ne, kuma tun kafin a kwance huhu a kai kasuwa akwai rabon gida da na maƙwabta. Har yau kowane gari da abin da ake sa ran gani a hannun wanda ya fito daga cikinsa. Wanda ya dawo daga Maiduguri, turaren wuta da humra da hula zanna. Na Agadas da Tawa, cukwi da kilishi da takalman fata. Ayarin da ya fito daga Bilma, kantun gishiri da dabino. Na Bida, kayan tagulla da duwatsun wuya da Masaga ke narka gilashi su yi. Na Sakkwato, aikin dukawa daga fatar jar akuya. Na Jos, dankalin Turawa da kayan lambu. Na Mambila, ganyen shayi da zuma. Na kudu, manja da ayaba da doya. Baƙon da ya zo Kano kuwa ya koma da rinin Ƙofar Mata ko alkaki da dubulan. Ko burodin da direba ke tsayawa a saya a bakin hanya yana da matsayinsa, yara da yawa da shi suka fara sanin daɗin dawowar uba.

Saboda haka in ka je gari, ka tambayi abin da mutanensa ke yi da hannunsu. Zai fi araha, zai fi daɗin labari, kuma kuɗinka zai shiga hannun maƙeri ko baduku ko mai tuyar da ke da iyali. Wanda ya je Zariya ya dawo da abin da ake sayarwa a kantin ƙofar gidansu, ya ba da kyauta, amma bai kawo wa kowa Zariya ba.

Babbar tsaraba a ƙasar Hausa ita ce ta Makka, kuma a nan ne aka fi samun zamewa. Ka san yadda kakanninmu ke zuwa Hajji. A ƙasa suke tafiya, su bi ta Barno su shiga Wadai, su ratsa Darfur, su kai bakin Nilu, daga nan su gangara Sawakin ko Fot Sudan su haye Bahar Maliya zuwa Jidda. Tafiyar shekaru ce. Guzuri ya ƙare a tsaya a yi ƙwadago, wasu a gonakin audugar Jazira, a tara a ƙara gaba. Da yawa ba su dawo ba, wasu ƙasa ta rufe su a hanya, wasu suka zauna, jikokinsu na Sudan har gobe. Mutumin da ya fita da baƙin gemu ya dawo da furfura, in ya kwance ɗan tulun zamzam, gari guda ake tarowa, kowa ya samu ɗigo a harshe, kuma ba wanda ya taɓa cewa ya yi kaɗan. Ɗaukar zamzam zuwa gida yana da asali, domin Tirmizi ya ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, takan ɗauke shi, ta kuma ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana yin haka.

Daga shekarun 1950 jirgin sama ya fara gajarta wannan nisa, yau awoyi kaɗan ne daga Kano zuwa Jidda. Nisa ya ragu, jerin masu jiran tsaraba ya ƙaru. Zamzam ɗin da ake ba kowane alhaji lita 5 ne, ga dabino, ga carbi, ga darduma, ga jallabiya da hirami da kwalli da turare, har da haƙorin Makka da ake sanyowa a baki. Duk wannan ba laifi. Laifin shi ne ka ga mutum ya sayar da gona ya biya kujera, ya isa Madina, ana kiran salla a masallacin Annabi shi yana cikin shago da takardar sunaye yana cinikin mayafai. Kwanakin da ba lalle ya sake samun irinsu ba ya ƙarar da su wajen auna jaka, yana tsoron kada nauyinta ya wuce abin da aka ƙayyade. In ka juya yawancin kayan nan ka karanta, ƙirar Sin ce, irinsu na nan jibge a Kantin Kwari. Shi ya sa wasu alhazai masu dabara ke sayen kayan rabonsu a gida, su bar kwanakin Makka ga abin da ya kai su. Wannan hikima ce, da sharaɗi ɗaya: in an tambaye ka, kada ka ce daga Makka ka ɗauko. Mutumin da ya dawo daga Arfa bai kamata ya buɗe sabon littafinsa da ƙarya a kan carbi ba.

Kada kuma ka ci bashi domin tsaraba. Mansa Musa, sarkin Mali, ya tafi Hajji a 1324 da zinariyar da ta karya darajar zinariya a Alƙahira saboda yawan abin da ya rabar da abin da jama'arsa suka kashe. Da zai komo sai da ya ranta a hannun 'yan kasuwar Misra. In hannun da ya fi kowane hannu cika a zamaninsa ya iya ƙarewa a hanya, kai mai albashin wata ka san inda za ka tsaya. Daidai ruwa daidai tsaki. Alhajin da ya raba jallabiya hamsin sannan ya shekara yana ɓuya wa mai bin sa bashi, ya faranta wa mutane rai na yini guda ya saya wa iyalinsa ƙunci na shekara.

Rabo ma da ladabinsa. Ka fara da iyaye, ko da abin da za ka kai musu bai kai na kowa tsada ba, kuma ka kai da ƙafarka, ka durƙusa ka miƙa, kada ka aika yaro. In Allah ya ba ka mace fiye da ɗaya, abin da ka saya wa wannan ka saya wa waccan, launi ya bambanta amma daraja ta zo ɗaya, domin rigimar da turmin zane ke haddasawa tsakanin kishiyoyi takan gangara har kan 'ya'yansu. Yara kuwa kada ka raina rabonsu. Muslim ya ruwaito cewa idan aka kawo wa Annabi nunan fari na 'ya'yan itace, yakan yi addu'ar albarka sannan ya miƙa wa mafi ƙanƙantar yaron da ke wurin. Ka kuma duba waɗanda ido ke tsallakewa: agolan gida, marayan da ake riƙo, yarinyar da ke taya aiki, almajirin da ke ɗebo ruwa, maigadi, da maƙwabcin da ya sa ido a kan ƙofarka ba ka nan. Yaron da ya tsaya a gefe yana kallo ana miƙa wa 'yan uwansa, aka wuce shi, zai manta abin da aka raba amma zai girma da tunanin tsayuwar nan. In abin bai isa kowa ya samu guda ba, a gutsuttsura. Tsaraba kamar gishiri take a miya, kaɗan ke yin aikin, in dai ya ratsa ko'ina.

Yanzu bari in juyo kanka a matsayin mai karɓa, don kwanakin da za ka zauna a gida wasu su yi tafiya sun fi yawa. Mutum ya dawo, ƙurar hanya ba ta bar jikinsa ba, abin da ya fara cancanta shi ne sannu da zuwa, ya hanya, ya ka baro mutanen can, a kawo masa ruwa. "Ina tsarabata?" wasa ne mai daɗi tsakanin jika da kaka, ko tsakanin abokan wasa, amma in ya fito daga bakin babba da gaske, roƙo ne da aka yi wa kwalliya. In an ba ka, ka karɓa da hannu biyu. Yaba kyauta tukwici. Kada ka juya abin kana neman farashinsa, kada ka leƙa hannun ɗan uwanka ka gwada da naka, kada ka ce "duk tafiyar nan ɗan wannan?" ko da da dariya ne. Kai ba ka san abin da ya bari bai saya wa kansa ba don ya sayo maka.

Ina nanata wannan ne saboda wata ɓarna da ke faruwa a ɓoye. Akwai 'yan ci-rani a Legas da Fatakwal, akwai masu aiki a Abuja, akwai ɗalibai da 'yan uwanmu da ke ƙasashen waje, waɗanda suke da kuɗin mota amma suka shekara biyu, uku, ba su leƙa gida ba. In ka matsa musu da tambaya sai su ce ba su shirya ba. Shirin da suke nufi kuɗin tsaraba ne. Sun san in suka sauka hannu sake za a yi ta zunɗe, a ce wane ya je birni ya dawo ba ko allura. Sai su ɗaga zuwa baɗi, baɗi ta zama baɗin baɗaɗa, har ranar da za a kira su a waya a ce su zo jana'iza. Abin da aka ƙirƙira don ya ƙulla zumunci ya zama shi ke tsinka shi, kuma masu laifin su ne mu da ke zaune muna ƙirga jakunkunan mai dawowa. Zumunta a ƙafa take. Idan kai ne a can, ka taho ko da burodi ɗaya ne a hannunka, ko ma babu. Uwar da ta haife ka fuskarka take son gani. Idan kuma kai ne a gida, ka zama mai faɗa wa na nesa, da bakinka, cewa isowarsa lafiya ta wadatar.

Yawancin tsaraba cinye ta ake yi, kilishi ba ya kwana uku a gidan yara. Amma akwai wadda ke zama, ta tashi daga tsaraba ta koma abin tunawa: dardumar da kaka ya zo da ita daga Hajjinsa, carbin da yatsunsa suka goge har ya yi santsi, Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gafaka, tasar tagulla da ke cikin jeren uwa tun na aurenta. Irin waɗannan ba su da kasuwa, dillali ba zai ba ka abin kirki a kansu ba. Darajarsu tana cikin labarinsu, labarin kuwa a bakin tsofaffi yake. Ranar da tsohuwar da ta san wanda ya kawo, da inda ya samo, da shekarar da ya dawo ta kwanta dama, abin ya zama tarkace, magada su ba mai gwangwan. Don haka tun suna raye ka tambaya, ka rubuta a takarda ka ajiye tare da kayan. Sarakuna sun daɗe da gane wannan. Takobin nan Gajere na Katsina, da ake dangantawa da Sarki Korau, yana cikin kayan sarauta har yau saboda ba a bar labarinsa ya faɗi ba. Haka kayan da ke Gidan Makama a Kano, da na Sardauna da ke Gidan Arewa a Kaduna. Gidanku ma yana da nasa tarihin, ko da bai fi cikin adaka ɗaya ba. Sai dai ka tsare iyaka: ana ajiye kayan magabata don a tuna da su a yi musu addu'a. Darduma ba ta ba da arziki, carbi ba ya kare kowa daga ƙaddara.

Za ka ce to kayan rabon biki fa, robobi da kofuna da jakunkuna da kalandu masu hoton ango da amarya? Ba na hana su, mai hali ya yi. Amma ka lura da inda suka fuskanta. Kofin da aka manna wa hotonka yana cewa a tuna da kai, tsaraba kuwa tana gaya wa mutum an tuna da shi. Na farkon ana buga ɗari biyar iri ɗaya a miƙa wa duk wanda ya shigo zauren taro. Ta biyun sai ka san mutumin, ka san Inna ba ta da haƙorin kilishi, dabino mai taushi za a nemo mata, ka san ƙaninka ya daɗe yana sha'awar hular Barno. In kuɗinka ba zai ɗauki duka biyun ba, ka san wanda za ka bari.

Akwai kuma tsarabar da ba a sa ta a jaka. Hausawa kan ce wane ya yo muguwar tsaraba, suna nufin cuta, ko shaye-shaye, ko raina na gaba, ko wani hali da bai fita da shi ba. Wannan ita ma rabonta ake yi, matarka da ƙannenka su ne farkon masu karɓa. Ka kula da inda kake kwana da waɗanda kake zama da su a garin da ba a san ka ba. A filin jirgi kuma kada kunya ta sa ka karɓi ƙunshin da ba ka buɗe ka gani ba, ko wane ne ya ba ka. A Saudiyya hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi yana kaiwa ga kisa, kuma jakar da ke ɗauke da sunanka kai za a tambaya.

Kishiyar muguwar tsaraba ita ce tsarabar da ta fi kowace daɗewa. Shi Mansa Musan da ya ranci kuɗin komowa, ya taho da wani masani ɗan Andalus, Abu Ishaƙ Assahili, wanda ya gina masa zauren fada mai ƙubba, ya zauna a ƙasar har ya rasu a Tumbuktu. Malam Jibrilu ɗan Umar ya je Hajji, ya zauna gaban malamai a Misra da Hijaz, ya dawo da ilimi da ijazozi, cikin waɗanda suka sha daga gare shi har da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙaninsa Abdullahi. Tufafin da ayarinsu suka ɗauko sun daɗe da zama ƙasa, amma ilimin da suka kawo ana cin moriyarsa har yanzu. Tafiya mabuɗin ilimi ce ga wanda ya buɗe ido. In ka je garin da suka iya noman rani, ka koyo yadda suke ba da ruwa. In ka ga inda ake bin layi ba turereniya, ko kasuwar da ba a tauye mudu, ka dawo da wannan ka fara a gidanka. Ka zauna da ƙannenka ka ba su labarin abin da ka gani, na daɗi da na wuya, ba tare da ƙari ba.

Abin da nake so ka riƙe ke nan. Kafin ka bar garin mutane ka ware ɗan abin da ba zai cutar da kai ba, ka sayi abin garin, ka tuna da wanda ba ya tsammani. In babu, ka taho haka nan, kada rashin ƙunshi ya hana ka gaida iyayenka. In kai aka kawo wa, ka gode ka yi addu'a, ka koya wa 'ya'yanka su fara da sannu da zuwa kafin su kalli hannu. Allah ya kiyaye hanyoyinka, ya sa duk inda ka je ka dawo da alheri, ya kuma ba ka zuriyar da za ta riƙa tunawa da kai.